Darasi: Me Ya Sa Tashar Ƙwallo Ke Ɓacewa Daga Dikoda Ana Dab da Take Wasa?

A makon farko na watan Janairun 2024, saura kwanaki kaɗan a fara Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka a Kwaddibuwa, kamfanin MultiChoice ya fitar da sanarwar da ta tayar da hankalin masoya ƙwallo: tashoshinsa na SuperSport ba za su nuna gasar ba, domin bai samu haƙƙin haskawa ba. Haƙƙin yana hannun New World TV, wani kamfani na ƙasar Togo.

Ga mai gidan kallo a gari irin Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a jihar Kano, wannan ba labarin jarida ba ne kawai. Lokaci ne na rani, an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, matasa sun samu sarari, aljihu kuma da ɗan abin taɓawa. Ya riga ya biya kuɗin wata, ya gyara benci, ya tanadi fetur. Idan Super Eagles ta fito fili allonsa babu hoto, 'yan kallo za su koma wani gidan, kuɗin da ya zuba kuma sun tafi. An yi sa'a, kafin ranar 13 ga Janairu da aka buɗe gasar kamfanonin biyu suka daidaita, aka kalli wasannin har zuwa na ƙarshe, inda Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1.

Wannan darasi zai yi bayanin abin da ke haddasa irin wannan dambarwa, yadda kuɗin ƙwallo ke tafiya daga hannu zuwa hannu, da abin da ya kamata mai kallo a waya ko a gidan kallo ya sani kafin ya cire kuɗinsa.

Hannu huɗu da wasa ke bi kafin ya iso allo

Da yawa suna ɗauka cewa kamfanin da ya sayar musu da dikoda shi ne mai ƙwallon. Ba haka ba ne. Wasa yana bin hannu huɗu.

Na farko shi ne mai gasa, kamar hukumar Firimiyar Ingila, ko CAF, ko NPFL a nan gida. Shi ke da wasan, shi ke sayar da haƙƙin nuna shi, yawanci na shekara uku zuwa biyar, kuma yanki-yanki. Wanda ya sayi haƙƙin Ingila daban, na ƙasashen Larabawa daban, na Afirka kudu da Sahara daban.

Na biyu ita ce tasha, kamar SuperSport ko ESPN ko beIN Sports. Ita ke sayen haƙƙin, ta haɗa da masu sharhi da tallace-tallace.

Na uku shi ne mai rarrabawa, wato kamfanin da ke tattara tashoshi ya isar da su gidaje ta tauraron ɗan'adam, ko ta wayar kebul, ko ta intanet. DStv da GOtv da StarTimes duk a nan suke.

Na huɗu shi ne mai kallo, wanda daga aljihunsa kuɗin sauran ukun ke fitowa.

Abin yana kama da buhun gyaɗa da ya bar gona ya bi ta hannun dillali da ɗan sari kafin ya isa wurin mai ƙuli-ƙuli. Kowane hannu yana ɗora ribarsa, kuma idan biyu daga cikinsu suka yi saɓani a kan farashi, kaya ya tsaya a hanya.

Mene ne kuɗin ɗaukar tasha?

Kuɗin ɗaukar tasha shi ne abin da mai rarrabawa ke biyan tasha domin ya sanya ta cikin jerin tashoshinsa. Abin lura shi ne yadda ake lissafinsa: ana biya ne a kan kowane mai rajista, kowane wata, ko ya kalli tashar ko bai taɓa buɗe ta ba.

Shi ya sa faɗan ba a kan farashi kaɗai yake tsayawa ba. Akwai tambaya ta biyu da ta fi zafi: a wane ƙunshi za a saka tashar? Ita tasha tana so a saka ta a ƙunshin gama-gari da kowa ke biya, domin ta karɓi kuɗi a kan miliyoyin mutane. Shi kuma mai rarrabawa yana so ya ware ta a ƙunshi na musamman, wanda yake so ya ƙara kuɗi ya saya. Idan wa'adin yarjejeniya ya ƙare ba a daidaita ba, sai a katse tashar. Kuma ba haɗari ba ne yadda katsewar ke faɗowa a farkon kakar wasanni. A lokacin ne fushin masu kallo ya fi zafi, kowane ɓangare kuma yana fatan fushin ya sauka a kan ɗan'uwansa.

Inda rikicin ya fi fitowa fili: wasannin jami'o'in Amurka

Domin ganin wannan lissafi tsirara, sai an leƙa Amurka. A can wasannin jami'o'i ba wasan yara ba ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ana kuma cika shi domin kallon ɗalibai suna buga ƙwallon Amurka, wadda ta yi kama da zari-ruga. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni yana sayar da haƙƙin wasanninsa.

A watan Agustan 2007 ɗaya daga cikin rukunan, mai suna Big Ten, ya haɗa kai da kamfanin Fox suka buɗe tasharsu ta kansu, Big Ten Network. Suka nemi kamfanonin kebul su riƙa biyan kusan dala 1 da santi 10 a kan kowane mai rajista duk wata a jihohi takwas da jami'o'in suke, kuma a saka tashar a ƙunshin gama-gari. Kuɗin kamar bai taka kara ya karya ba, amma kamfanin da ke da mutum miliyan ɗaya zai biya dala miliyan 13.2 ke nan a shekara. Comcast, babban kamfanin kebul na ƙasar, ya ce bai yarda ba. Hujjarsa ita ce, don me tsohuwar da ba ta san ƙwallo ba za ta biya wa wasu kuɗin kallo?

Kwana biyu da buɗe tashar, ranar 1 ga Satumban 2007, wata ƙaramar jami'a mai suna Appalachian State ta je har gida ta doke Michigan da maki 34 da 32, abin da har yau ake lissafa shi cikin manyan abubuwan mamaki a tarihin wasan. Sabuwar tashar ce ta nuna shi, kuma ɗimbin magoya baya ba su gani ba saboda kamfanin kebul ɗinsu bai ɗauke ta ba. Haka aka cinye kakar baki ɗaya. Sai a watan Yunin 2008 aka sasanta da Comcast.

Big Ten ta yi nasara a ƙarshe, har ta kai a 2022 ta sayar da haƙƙin wasanninta na shekara bakwai ga Fox da CBS da NBC a kan kusan dala biliyan 7. Amma ba kowa ne ya dace ba. Rukunin Pac-12 ya buɗe tasa tashar a 2012 ba tare da wani babban abokin tarayya ba, kuma har ta rufe bai taɓa shawo kan DirecTV ya ɗauke ta ba. Kuɗin shiga ya gaza na takwarorinsa, jami'o'i suka fara neman mafita, zuwa 2024 goma daga cikin goma sha biyu sun fice. Rukunin da ya shafe sama da shekara ɗari ya tarwatse, kuma rashin samun mai ɗaukar tasharsa na cikin manyan dalilai.

Rikicin bai tsaya nan ba. Ranar 31 ga Agustan 2023, ana shirin fara wasa tsakanin jami'o'in Florida da Utah, tashoshin Disney, ciki har da ESPN, suka ɗauke daga gidaje kusan miliyan 15 da ke kan kamfanin Charter, ba su dawo ba sai 11 ga Satumba. A Satumban 2024 haka ta faru da masu DirecTV na kusan mako biyu. A ƙarshen Oktoban 2025 kuma sai ga shi a YouTube TV, inda ESPN da ABC suka ɓace na kusan mako biyu. Wannan na ƙarshe yana da darasi na musamman ga masu kallo a waya: YouTube TV ba ya amfani da kebul ko kwandon tauraron ɗan'adam, ta intanet yake aiki, amma faɗan bai canza ba. Fasaha ta sauya, lissafin kuɗi yana nan yadda yake.

Yadda abin yake a Najeriya

A nan gida wasannin jami'o'i ba su kai wannan matsayi ba. Akwai wasannin NUGA da aka fara tun 1966, akwai kuma gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka soma a 2018, amma babu wata tasha da ake faɗa a kan kuɗin ɗaukarta saboda su. Abin da ya yi daidai da ƙwallon jami'o'in Amurka a zuciyar matashin Kano shi ne Firimiyar Ingila da Gasar Zakarun Turai da La Liga.

Akwai kuma wani bambanci. SuperSport da DStv da GOtv duk na gida ɗaya ne, wato MultiChoice, wanda kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarsa a 2025. Tasha da mai rarrabawa sun zama hannu ɗaya, don haka ba za su yi faɗa da juna a bainar jama'a ba. Faɗan sai ya koma wurare uku: wajen sayen haƙƙi, wajen doka, da wajen farashin da ake ɗora wa mai kallo.

Ta fuskar sayen haƙƙi, babban misali shi ne HiTV. A 2007 wannan kamfani na Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Toyin Subair, ya karɓe akasarin wasannin Firimiya daga hannun MultiChoice. Masu gidajen kallo da yawa dole suka sayi dikoda ta biyu. A 2010 haƙƙin ya koma wa MultiChoice, a 2011 kuma HiTV ya durƙushe, dikodojinsa suka zama tarkace a saman kanta. Wanda ya saya domin ƙwallo kaɗai shi ya yi asara.

Ta fuskar doka, a watan Agustan 2020 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ƙaddamar da gyararren kundin ƙa'idojinta a zamanin minista Lai Mohammed. Gyaran ya haramta wa kamfani ɗaya mallake haƙƙin wasa shi kaɗai, ya kuma wajabta masa sayar wa sauran tashoshi. Masu goyon baya suka ce hakan zai kawo gasa, farashi ya sauka. Masu adawa suka ce babu wanda zai zuba maƙudan daloli ya sayi abin da za a tilasta masa rabawa da abokin hamayyarsa. A 2022 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke gyaran.

Ta fuskar farashi kuwa, nan ne mai kallo ya fi ji a jikinsa. Ana sayen haƙƙin wasanni da dala, ana karɓar kuɗin wata da naira. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A watan Mayun 2024 ƙunshin DStv Premium ya tashi daga naira 29,500 zuwa 37,000, a Maris ɗin 2025 kuma ya koma 44,500. Ƙarin naira 15,000 ke nan cikin wata goma. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gayyaci kamfanin ta kuma nemi ya dakata, maganar ta kai kotu, amma sabon farashin ya zauna. Jama'a kuma suka mayar da martani da ƙafafunsu: rahoton kamfanin da kansa ya nuna ya rasa masu rajista kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris ɗin 2025.

Lissafin mai gidan kallo

Ga misali na ƙiyasi domin a ga yadda ƙari ke gangarowa har ƙauye. A ɗauka wani gidan kallo a Zakirai yana kashe naira 90,000 a wata, idan aka haɗa kuɗin tasha da fetur ko gyaran sola da hayar wuri da hakkin yaron da ke tsaron ƙofa. A ɗauka kuɗin shiga naira 200 ne. Kafin ya mayar da kuɗinsa sai an shiga sau 450. Idan ranakun manyan wasanni 12 ne a watan, yana buƙatar kusan mutum 38 a kowace rana kafin a fara zancen riba.

To a ce kashe-kashen sun ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, sun koma 108,000. Yanzu ko dai ya samu mutum 45 a kowace rana, ko ya ɗaga kuɗin shiga zuwa naira 240, wanda a aikace 250 zai zama saboda canji. Garin bai ƙara yawan matasa ba, damina kuma idan ta kama kowa yana gona, ga hadari da ke ɗauke hoto ana tsakiyar wasa. Idan a kan wannan aka wayi gari gasar da ake jira ta koma wani kamfani, sai ya ƙara sayen dikoda da biyan kuɗin wata na biyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ganin kwanduna biyu ko uku a kan rufin gidan kallo ɗaya. Saɓanin da aka yi a ofisoshin Legas ko Lome ko Landan yakan ƙare ne a kan naira 50 da aka ƙara wa ɗan makaranta a bakin ƙofa.

Shin waya ce mafita?

Waya ta rage wata matsalar, ta kawo wata. A Fabrairun 2024 manhajar Showmax ta fito da tsarin kallon Firimiya a waya kaɗai, a kan kuɗin da bai kai na dikoda ba. StarTimes ma yana da manhajarsa, kuma a 2023 ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta nuna gasar NPFL da Kano Pillars ke bugawa. Wannan ya kusanto da mutane ga abin da suka daɗe suna nema, wato biyan kuɗin ƙwallo kaɗai ba tare da tashoshin da ba sa kallo ba.

Sai dai akwai kuɗi na biyu da ake mantawa da shi: data. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci yana cin kusan awa biyu. A matsakaicin hoto, awa ɗaya tana cin abin da ya kusa gigabait 1, a hoto mai kaifi kuwa tana iya kaiwa gigabait 3. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. A karkara kuma, inda sabis ke hawa da sauka, hoto na iya tsayawa daidai lokacin bugun fanareti. Idan aka lissafa duka, sau da yawa bencin gidan kallo ya fi waya araha, tunda mutum arba'in ne suka haɗu a kan allo ɗaya.

Tarkon manhajojin kyauta

Duk lokacin da tasha ta ɓace ko farashi ya tashi, sai hanyoyin sata su yawaita. Ana tura wa mutane manhajoji ta WhatsApp da Telegram da sunan kallon ƙwallo kyauta. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da ba a Play Store aka sauke ta ba, ba ta bi ta hannun masu tantancewa ba. Idan ta nemi izinin karanta saƙonni, ko ganin lambobin waya, ko sarrafa allo, to ba ƙwallo ce damuwarta ba. A cikin saƙonnin nan ne lambar sirri ta banki ke shigowa. Wanda ke amfani da waya ɗaya wajen kallo da kuma OPay ko manhajar banki, yana iya biyan kuɗin wasa ɗaya da duk abin da ke asusunsa.

Ga mai gidan kallo kuma akwai batun doka. Nuna wasa ga jama'a ana karɓar kuɗi yana buƙatar rajistar kasuwanci, ba ta gida ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi hukunci a kan satar shirye-shirye.

Abin da ya kamata a yi kafin a biya

Na ɗaya, a tabbatar da wanda ke da haƙƙin gasar a wannan kakar, daga shafin mai gasar ko na kamfanin, ba daga jita-jitar majalisa ba. Wanda ya nuna bara ba lallai ne shi zai nuna bana ba.

Na biyu, a duba ainihin ƙunshin da tashar take. Sau da yawa gasa ɗaya tana ƙaramin ƙunshi, wata kuma sai a babba.

Na uku, idan ana raɗe-raɗin saɓani tsakanin kamfanoni, a biya na wata ɗaya kawai, kada a zuba na shekara. Kada kuma a yi gaggawar sayen sabuwar dikoda a ranar da aka ji sanarwa. Rikicin Janairun 2024 bai wuce 'yan kwanaki ba, na Amurka na 2023 zuwa 2025 kuma kusan mako biyu kowanne ya ɗauka.

Na huɗu, mai kallo a waya ya rage kaifin hoto a saitin manhaja. A ƙaramin allo bambancin ba shi da yawa, amma a data yana da yawa.

Na biyar, a ajiye rasit ko saƙon shaidar biya. Idan an katse tashar da aka biya dominta, da shi za a nemi ragi ko diyya a wurin kamfani, ko a kai ƙorafi ga FCCPC. A rikicin 2025, YouTube TV ya ba masu rajistarsa ragin dala 20.

Kammalawa

Idan allo ya yi baƙi ranar babban wasa, wani lokaci hadari ne, wani lokaci kwando ne ya goce. Amma idan tasha ɗaya ce ta ɓace sauran suna nan, to a daina dukan dikoda, matsalar tana kan teburin ciniki. Mai gasa yana son ƙari, tasha tana son mayar da kuɗinta, mai rarrabawa yana tsoron gudun masu rajista, dukkansu kuma idonsu yana kan aljihu ɗaya. Ƙarfin mai kallo bai wuce abu biyu ba: ya san inda kuɗinsa ke tafiya, ya kuma iya riƙe su har sai ya tabbatar da abin da zai saya.